Farin Zare a Wayar Inna

"Baffa, idan Kaka ta gama makancewa, kai za a ba wa ɗakinta?"

'Yata ce ta yi tambayar, tana tsoma burodi a shayi. Shekarunta shida, kuma Rediyo muke kiranta a gidan, domin tun da ta koyi magana ba mu gano inda ake kashe ta ba. Ƙanen mijina, Auta, wanda take kira Baffa, ya ƙware har shayin ya fito masa ta hanci. Mijina ya ƙura wa kofinsa ido kamar an yi masa rubutu a ciki. Ni kuwa na zabga mata harara, ta mayar mini da murmushi.

"Wa ya gaya miki wannan maganar?" in ji mijina.

"Ba kowa. Jiya na gan shi yana auna bango da tef ɗin Kaka. Ya ce nan madubi zai zauna, nan kuma kujerar aski."

Surukata, wadda duk muke kira Inna, tana zaune a gefen tabarma. Ta ajiye kofinta a hankali.

"Auta, ka mayar mini da tef ɗina inda ka ɗauko shi."

Iyakar abin da ta ce ke nan.

Ɗakin da ake magana shi ne na gaba, mai ƙofa ta biyu da take buɗewa ga titi. A nan keken ɗinkin Inna yake, da teburin yanka, da gwangwanayen maɓallai da ba wanda ya isa ya taɓa. Shekara talatin tana ɗinki a ɗakin. Da ƙafarta a kan wannan keke ta yi wa 'ya'yanta uku makaranta, kuma har wata biyu kafin wannan karin kumallo, ba a taɓa dawo mata da ɗinki ba.

Abin ya faro ne daga kyauta. Waya a gidanmu tamkar takalmin yara take, wanda ya gaji da ita ya miƙa wa na bayansa. Masu kawo wa Inna ɗinki sun dame ta cewa 'yar wayarta mai maɓallai ba ta karɓar hoto, su kuma yanzu sun fi son su turo awo da samfuri suna zaune a gida. Sai Auta ya sayi sabuwa, ya goge tsohuwar tasa da bakin riga, ya durƙusa gaban Inna ya miƙa mata da hannu biyu. Ta sa masa albarka har ta gaji. Kwana uku tana nuna wa maƙwabta.

Wadda aka fara da ita wata malamar makaranta ce, mace mai jiki. Ta turo awonta, Inna ta yanka, ta ɗinka riga mai kyau kamar a sa ta a gilashin kanti. Da malamar ta zo gwadawa, rigar ta wuce kai, ta wuce kafaɗa, ta tsaya cak. Ba ta sauka, ba ta hawa. Hannuwan matar a sama kamar wadda 'yan fashi suka tare, muryarta tana fitowa daga cikin yadi: "Jama'a ku cece ni!" Ni na riƙe ta ta baya, Inna ta ja ta sama, Rediyo tana ba mu shawara. Da ƙyar muka zare ta.

"Talatin da takwas na rubuto, Inna," in ji malamar tana haki.

"Talatin da uku na gani, 'yar nan."

Muka yi dariya, har da Innar. Mako bai zagayo ba, sai ga wandon yaron maƙwabta ya tsaya masa a tsakiyar ƙwauri. Sannan babban aikin ya zo: mai makarantar renon yara ta turo hoton yadi, tana son rigunan yara goma sha biyu masu wannan launi. Inna ta tafi kasuwa da kanta, ta ɗora wayar a kan yadi ɗaya bayan ɗaya har ta samu wanda ya yi daidai da hoton. Ta ɗinka duka sha biyun. Matar ta zo, ta buɗe leda, ta riƙe baki.

"Inna, shuɗi na turo. Wannan ai kore ne."

A ranar ba wanda ya yi dariya. Da yamma, ina shanya kayan jaririna, na ji Inna tana cewa, "Auta, zo ka duba mini. Akwai wani farin zare a cikin wayar nan, daga sama har ƙasa."

Bai ko miƙa hannu ba. Yana tsaye yana latsa sabuwar tasa.

"Inna, wannan yanar ido ce. Haka take farawa. Hasken waya ne ke fito da ita, shi ya sa ba kya ganinta a wani wuri."

"Yana?"

"Wallahi haka ta yi wa kakar abokina. Wata shida, shi ke nan."

Daga wannan yammaci Inna ta zama makauniya a bakin kowa, alhali tana kallonmu.

Yayar mijina, wadda muke kira Yaya, ta taso daga gidanta washegari da fuskar jaje. Abu na farko da ta yi shi ne kwashe almakasai uku ta zuba a jakarta, wai kada Inna ta datse yatsa. Ta kafa doka: ba kasuwa, ba tsallaka titi, ba kusantar wuta. Mijina ya koma riƙe mata gwiwar hannu a 'yar matakalar da take hawa tun kafin a haife shi. Kowa kuma ya fara yi mata magana da ƙarfi.

"INNA, GA RUWA NAN A DAMANKI!"

"Ido kuka ce ya mutu," in ji ta, "ku bar mini kunnen."

Da farko tana musu. Takan zura zare a allura a gabansu, karo ɗaya, ta ɗaga musu. Yaya ta ce ai sabo ne, makafi ma suna yi. Takan karanta lambar motar da ta wuce a titi. Auta ya ce yana ba ta hana ganin nesa, kusa take ci. Duk abin da ta kawo, akwai amsarsa a ajiye. Shi Auta har ya ɗora wa kansa aikin tsaron ƙofa. Da ya hango mace da leda ta nufo ɗakin gaba, sai ya tare ta tun daga waje, ya sassauta murya: "Ki yi haƙuri Hajiya, Inna ta daina karɓa. Ido." Sai ya girgiza kai, matar ta yi addu'a ta juya.

Na ce wa mijina a kai ta asibitin ido mana. Ya ce sai an samu sarari, layin wurin ba na wasa ba ne, kuma ai dama lokacin hutunta ya yi. "Wahala muke ɗauke mata. Mace ta yi shekara talatin tana taka keke, ba sai ta huta ba?" Yaya ta ce likita ba abin da zai ƙara mana illa tashin hankali. Ta kuma lura cewa keke idan ya zauna tsatsa yake yi, ga 'yarta tana son koyon ɗinki. Auta bai ce komai a kan ɗakin ba, sai dai kullum yana wucewa ta ƙofar yana ƙare wa bangon kallo.

Ni ma ina da nawa uzurin, kuma ba zan ɓoye shi ba. Kafin in yi aure na yi shekara uku a shagon sayar da tsofaffin wayoyi, aikina shi ne duba sikirin, wato gilashin fuskar waya, kafin oga ya saya. Wato duk gidan ba wanda ya kai ni sanin abin da ya kamata a fara dubawa. Amma ga jariri a baya, ga wanki, ga kunyar a ce suruka tana bincika wayar uwar mijinta, ga kuma 'ya'yanta uku sun haɗa baki a kan magana ɗaya. Sai na ce a raina su suka fi ni saninta. Na koma cikin masu cewa "ga ruwa nan a damanki."

A mako na biyar Inna ta daina musu. Ta ɗinka wa wayar 'yar jaka da ragowar yadi, ta cusa ta ciki, ba ta fito da ita sai an kira. Ta fara dafa bango idan za ta fita tsakar gida. Wata rana na same ta ta zaunar da Rediyo a gabanta, ta riƙe haɓarta, tana ta kallon fuskarta. Yarinyar ta gaji ta ce, "Kaka, kitso za ki yi mini ko hoto?" Inna ta ce, "Zauna dai, ƙawata, ke bakinki ba ya gajiya ne?"

Bayan tambayar da Rediyo ta yi a wurin shayi, sai abin da ake ɓoyewa ya fito fili, kowa ya huta da kewaye-kewaye. Aka tsayar da Asabar: Yaya za ta zo da mota a ɗauki keken, Inna ta koma ɗakin ciki inda babu hayaniyar titi, Auta ya fara fenti. Aka gaya mata da ƙarfi. Ta ce to.

Asabar ɗin da hantsi ina yi wa jariri wanka, sai ga Rediyo a guje tana kuka kamar an mutu.

"Mama, na makance! Ni ma na makance! Baffa zai ɗauke gadona!"

Na ajiye yaron a tawul da kumfarsa, na kama fuskarta, na buɗe idon dama, na buɗe na hagu. Yatsu nawa ne nan? Uku. Nan fa? Biyar. Me ya shiga idon?

"Ba komai. Kaka ce ta ara mini wayarta in kalli hoto, sai na ga zaren. Irin nata. Fari, dogo."

Na zauna daɓas a bakin baho. Kunyar da na ji a lokacin ta fi wadda ta hana ni taɓa wayar tun farko.

Na je na durƙusa na ce, "Inna, ara mini wayarki." Na goge gilashin tas, domin sau da yawa maiƙon hannu kan yi kama da lahani. Na ƙure hasken. Na toshe kyamara da babban yatsa na ɗauki hoto, ya fito baƙi ƙirin, na buɗe shi ya cika fuskar wayar. Ga shi nan. Farin layi siriri, miƙe daga sama har ƙasa, a ɓangaren hagu. Na buɗe saƙon malamar makaranta. A kan farin shafin saƙo layin ya ɓace gaba ɗaya, fari a kan fari, amma duk baƙin rubutun da ya faɗo a kansa sai ya cinye shi. Ya bi ta kan takwas, ya share mata gefen hagu, ta koma uku. Na ɗauki hoton shafin na tura wa wayata. A tawa, talatin da takwas, cikakkiya.

Sannan na tura mata launuka daga wayata, na jera su gefe da gefe. Ja da ja, ba laifi. Fari a tawa, a tata kamar tsohuwar takarda. Shuɗi a tawa, a tata kore-kore. An taɓa canza sikirin ɗin, kuma mafi arha a kasuwa aka sa.

"Me kika gani, 'yar nan?" in ji Inna.

"Abin da kika gani, Inna."

Kafin in yi mata bayani, motar ta riga ta tsaya a ƙofa. Yaya ta shigo tana ba da umarni, direban da mijina suka kama keken, Auta yana gefe da bokitin fenti. Na goya jaririn, na tsaya a bakin ƙofar ɗakin.

"Yaya, don Allah kafin a fita da shi, ku taimaka ku duba mini wani abu. Baban Rediyo, karanta mini lambar nan."

Mijina ya sauke nasa gefen, ya leƙa. "Talatin da uku. Matsa mu wuce."

Na nuna masa tawa. Ya duba wannan, ya duba waccan, ya sake dubawa.

"To ba ni makullin babur ɗinka," na ce. "Daga yau ba tuƙi, ba tsallaka titi."

Na buɗe baƙin hoton na miƙa wa Yaya. "Me kika gani?"

"Wani... farin layi."

"Ayya, Yaya. Haka take farawa. Sannu."

Direban ma ya miƙo wuya ba a gayyace shi ba. "Ni ma fa na gan shi."

"Allah ya sawwaƙe, malam. A haka ka tuƙo mota?"

Rediyo ta fara tsalle tana shelar cewa duk gidan an makance, saura jariri. Na juya wurin Auta, na miƙa masa wayar. Shi kaɗai ne bai karɓa ba. Ya ja da baya, ya ce shi ba ya son wasan yara.

"Duba mana, ƙanena. Ko kai naka idon ya fi na kowa?"

"Matar wana, ki daina zuzuta abu. Ɗan layi ne fa. Mai gyaran ma ya ce ba zai ƙaru ba."

Shi kansa sai da maganar ta fita ya ji ta.

"Wane mai gyara?" in ji mijina.

Daga nan sai bayani ya ɓalle kamar famfo. Wayar faɗuwa ta yi, ya canza sikirin, layin ya fito bayan kwana biyu. Ai kyauta ce, ba a duba haƙoran kyauta. Da Inna ta yi maganar zare, kunya ce ta kama shi, ga shi ta gama sa masa albarka a gaban mutane, sai bakinsa ya suɓuce ya ce yana. Daga baya kuma ya ga kowa ya yarda. Kuma tsakani da Allah, shekarunta ai sun kai, ko ba yau ba idon zai tafi. Kuma shi ma ɗa ne a gidan, yana da haƙƙin ya nemi abin yi. Yaya ta ce ita dai abin da aka gaya mata ta bi, ita ba likita ba ce. Mijina ya ce shi dama tun farko ransa bai kwanta ba. Na kalle shi, ya kalli silin.

Inna ba ta ɗaga murya ba. Ta taso daga bakin gado, ba ta dafa komai ba, ta zo ta tsaya gaban autan nata.

"Ashe ka gani."

"Inna..."

"Wata guda ina zaunar da yaran nan ina haddace fuskokinsu, don in samu abin tunawa idan duhun ya zo. Kai kuma kana auna bango."

Ta juya wurin Yaya ta buɗe tafin hannu. "Almakasaina." Yaya ta zazzage jaka. Ta ce wa mijina da direban su mayar da keken daidai inda ƙafafunsa suka yi shaida a siminti, kada su kuskure ko da yatsa ɗaya. Sannan ta ɗauki wayar ta danƙa wa Auta.

"Duk wadda ka tare a ƙofar nan ka ce mata ido, ka san gidanta. Za ka je ka nuna mata zaren nan, ka gaya mata wa ya ba ni wayar. Ka fara da malamar makaranta. Fentin kuma tunda ka saya, bayan gida yana so."

Kwana huɗu yana zagaye unguwa. Malamar makaranta, an ce, sai da ta sa shi ya maimaita bayanin a gaban mijinta. Ranar Litinin na goya jariri na kai Inna asibitin ido. Layin da ake tsoro bai kai awa ɗaya ba. Likitar ta duba ta ce tabarau na karatu kawai take buƙata, irin wanda kowa yake sawa a shekarunta, ta kuma tambaye ta sirrin.

Da a ce nan labarin ya ƙare, da ban ɓata lokacinku ba. Wasu masu ɗinkin sun dawo, wasu sun riga sun saba da wani tela. Wannan ba shi ya fi damuna ba. Abin da ya dame ni shi ne ranar da aikin farko ya shigo. An rubuto awon a takarda, baƙi a kan fari, manyan lambobi. Inna ta sa tabarau, ta shimfiɗa yadi, ta ja layi da alli, ta ɗauki almakashi. Sai ta tsaya. Ina kallonta daga tsakar gida, almakashin a buɗe, hannun a sama, ta kasa rufe shi.

"'Yar nan, zo ki karanta mini wannan."

"Inna, me kika gani?"

"Arba'in da biyu."

"Arba'in da biyu ne."

"Kin tabbata?"

Matar da ta yi shekara talatin tana yanka ba ta tambayi kowa ba. Har yau, wata huɗu ke nan, ba ta sa almakashi a yadi sai ta kira ni, ko ta kira Rediyo, yarinya 'yar aji ɗaya, mu tabbatar mata da abin da idonta ya riga ya gani daidai. Sikirin an canza shi cikin minti ashirin. Wannan kuwa ban san shagon da ake gyara shi ba.

Don haka kai mai karatu, da ke, idan akwai tsoho a gidanku da kuka miƙa wa tsohuwar wayarku kuka karɓi albarka, ku tashi yau ku karɓo ta. Ku goge gilashin, ku ƙure haske, ku duba ta a baƙi, ku duba ta a fari, ku jera ta da taku. Idan ya ce yana ganin wani abu, ku sa naku idon a wurin kafin ku buɗe baki. Idan kuma kun ji an fara cewa ya tsufa, ya gama, a hutar da shi, ku waiwaya ku ga wa yake tsaye kusa da ɗakinsa. Kada ku yi irin shirun da na yi. Mako takwas kawai na yi ina kallo, kuma abin da aka cire wa Inna a cikinsu har yanzu bai dawo ba.